Faɗakarwa Ga Malamai Da Almajirai Bisa Bashin Da Anka Ci Da Sunanmu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya dukiya amana ga hannun bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wagga takarda ta fito daga wani almajiri mai zaure a Nahuce, ƙasar Bunguɗu, zuwa ga malamai da almajirai na Gusau da Tsafe da Bunguɗu da duk inda ta isa.

Sababin rubuta ta, na zauna wata walimar sauka, sai zance ya biyo ta kan masu neman mulki da abin da suke rabawa gabanin zaɓe. Wani malami da ya girme ni ga shekaru da karatu ya ce abin da mai mulki ya miƙo maka ka karɓa, kyauta ce, halal ce. Ya ce kuma bashin gwamnati na gwamnati ne, ba ruwan talaka da shi. Jama'a sunka yi na'am. Ni kuwa na yi kawaici don kunyar furfurarsa, na komo gida zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da na kasa faɗi gabansa shi ne zan rubuta nan, shi gafarce ni.

In fara da kaina, don kada a ce na ga na wani na bar nawa. Cikin azumin 2022 mota ta tsaya ƙofar zaurena, anka sauke buhun shinkafa da na sukari, ga hoton wani mai neman kujera manne bisa buhun. Na karɓa, na yi addu'a, iyalina da almajiraina munka yi buɗa baki da ita. Azumin 2023 ya kama bayan zaɓen gwamna da kwana 5. Na zuba ido, motar ba ta zo ba, alhali watan shi ne watan, yunwar almajirai kuma ba ta ragu ba. Nan na gane ba azumi ya kawo ta ba. Haka rijiyar burtsatse da wani ya gina mana kusa da masallaci ana saura wata uku zaɓe. Munka sha ruwanta damina ɗaya, injinta ya mutu, har yau mata na aika yara rafi.

Ku sani, ya 'yan'uwana, baitulmali ba dukiyar gwamna ba ce, ba ta ubansa ba ce. Shi wakili ne bisanta, awa wasiyyi bisa dukiyar maraya, kuma da hakanan Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya misalta kansa. To, wane almajiri ne ya karanta Risala ko Askari har ya ji an halatta ma wasiyyi shi yi kyauta da dukiyar maraya? Shina iya ciyar da yaron, shi tufatar da shi, shi juya masa dukiyar don ta ƙaru. Tabarru'i da ita kuwa ba shi da iko. Balle shi raba ta ga mutanen gari don su yabe shi su bar masa wasiyyar a hannu. Balle kuma shi tafi shi ci bashi da sunan yaron, shi yi wagga kyauta da shi. Wanga na ƙarshe shi ne halin da muke ciki.

In ka ce daga aljihunsa ya fitar, sai in ce maka mu yi lissafi, lissafi ba ya son kunya. Ni ban shiga makarantar boko ba, amma ina da rediyo, ina da almajirai masu karanta mini takardun gwamnati, kuma wanda ya iya rabon gado ba a ɓatar da shi da ƙidaya. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman tsayawa gwamna naira miliyan 50, ta shugaban ƙasa miliyan 100. PDP ta sayar da tata miliyan 21 da miliyan 40. Wagga takardar shiga ce kaɗai, ba a zo ga wakilan jam'iyya da ake saye ranar fid da gwani ba, ba a zo ga motoci da 'yan banga da mawaƙa ba. Dokar zaɓe ta 2022 da kanta ta yarje ma mai neman gwamna shi kashe har biliyan 1. Asalin albashin gwamna kuwa a shekara bai kai miliyan 3 ba. Wane ɗan kasuwa ne a kasuwar Nahuce za shi zuba biliyan don shi kwashi miliyan goma cikin shekara huɗu? Ko dai mahaukaci ne, ko ya san wata ƙofa. Kuma ban ga mahaukaci cikinsu ba.

Ƙofar ita ce wa'adi. Wanda anka zaɓa shekara 4 gare shi, in ya yi sa'a 8. Bashin da shike ci kuwa shekara 20 ne, wani 40. Mai cin bashin dabam, mai biya dabam, kuma mai biyan ba ya nan ranar ƙulla shi. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, bisa bashi ta sauka, tana umurni da a rubuta shi, a kafa shaidu, wanda hakkin ke kansa shi ne mai shibta. To, mu ne hakkin ke kanmu. Wa ya kira mu munka shibta?

Ku dubi abin da ya gudana a 2015. Anka gama zaɓe, anka buɗe taskokin jihohi, anka iske mafi yawansu ba su iya biyan ma'aikata albashi. Gaskiya ne farashin ɗanyen mai ya faɗi tun 2014, ban musa ba. Amma mai hankali in ya ga damina ta yi gardama, rumbu shike tsarewa, su kuwa shekarar nan sunka fi buɗe hannu. A Janairun 2015, ana saura makonni zaɓe, gwamnatin Jonathan ta rage kuɗin litar fetur daga naira 97 zuwa 87. Da gwamnatin Buhari ta zo, Babban Bankin Nijeriya ya ba jihohi 27 rancen naira biliyan 338 don su biya albashin da sunka riƙe, da kuɗin ruwa tara bisa ɗari, wa'adi shekara 20. Zamfara ta samu wajen biliyan 10. Tara bisa ɗari na biliyan 10, miliyan 900 ke nan a shekarar farko, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Yaron da anka raɗa ma suna a 2015, sai ya kai shekara ashirin, a 2035, wa'adin zai cika. Kuma irin wanga bashi ba a jiran ka kawo, tun daga Abuja ake zare shi cikin kason wata kafin kason shi iso Gusau.

Ina so malamai su tsaya nan kaɗan. Wagga jiha ce da anka taru a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, anka shelanta Shari'a, mutane sunka zo daga nesa suna kabbara suna kuka. Ina saurayi, ina cikin taron. Munka hana giya da caca, munka yi murna, kuma ya cancanci murna. Amma da anka zo ga riba mai tara bisa ɗari da sunan jama'a baki ɗaya, mimbari nawa ya yi magana? In mai shago ya ba maƙwabcinsa dubu goma shi dawo da sha ɗaya, muna tsine masa ranar Juma'a. In gwamnati ta yi da biliyan, sai mu ce siyasa ce, malami ba ya shiga. Mun shiga ranar karɓar shinkafa.

Ban ce rance ga mai mulki haramun ne ko ta ƙaƙa ba, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Malamai kuma sun yi magana bisa rance da sunan baitulmali, sun sa masa iyaka. Mawardi cikin Ahkamus Sulɗaniyya ya yarje shi inda anka ji tsoron ɓarna, don biyan hakkin da ya riga ya wajaba, awa abincin mayaƙa, ban da abin ƙarin jin daɗi, ya kuma bayyana cewa wanda ya gaji mulkin za a kama shi da biya. Shaɗibi, namu na mazhabar Malik, cikin Al-I'itisam ya sharɗanta a kasance ana sauraron wani abin shiga da za a biya da shi. Har dokar Nijeriya ta 2007 bisa tsare dukiyar gwamnati ta ce ba a cin bashi sai don aiki mai ɗorewa da gina mutane. Shari'a da doka sun haɗu a wuri guda. Ku auna buhun da ya zo zaurena da wanga ma'auni ku gani ko ya shiga.

Abin da zaɓe ke yi ma dukiyar jama'a bai tsaya ga bashi ba, har inda kuɗin ke tafiya shi ke juyawa. Mai neman ƙuri'a abin da ido ke gani shike so: ƙofar gari mai fenti, fitilun titi, babura, atamfa, kujerun Makka. Allurar maciji a asibitin ƙauye ba a yanka mata kyalle, albashin malamin firamare ba ya fita a hoto, gyaran injin rijiya ba a kiran maroƙi dominsa. Saboda haka su ake bari. Wanda ya gaji kujera kuma ba ya son ƙarasa aikin wanda ya gabace shi, don kada sunan wancan shi fito, sai shi aza nasa tubalin gefe. Ku bi hanyar Gusau ku ƙirga gine-ginen da sunka tsaya ga linta.

A Afrilun 2022, shekara guda kafin zaɓe, gwamnatin Bello Matawalle ta raba motoci 260 ga sarakuna da uwayen ƙasa da hakimai. Ban raina sarauta ba, iyayenmu ne, kuma wasunsu sun ga ta kansu hannun 'yan bindiga. Amma a waɗannan shekaru ɗin ne ɗiyan talakawa ke rubuta jarrabawar gama sakandare a riƙe sakamakonsu, don jiha ba ta biya WAEC da NECO kuɗinsu ba. Kuma tsofaffin ma'aikata na bin kuɗin sallamarsu tun daga 2011, gwamna biyu sunka wuce bisa kansu, wasu sunka mutu ba su gani ba. Gwamnatin Dauda Lawal da ta zo 2023 ta ce ta iske wanga bashin sallama ya haura biliyan 13. Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 30 da anka sa ma hannu a 2019, sai 2024 ya fara isa ga ma'aikatan Zamfara. Wanga duka bashi ne, ko da ba banki ke binsa ba, kuma shi ya fi muni, don mai shi ba ya da ikon zarewa daga Abuja. Sai dai shi kai ƙara ga Allah.

Gefe guda kuwa akwai doka tun 2006 mai ba tsofaffin gwamnoni fansho, anka ƙara mata nauyi a farkon 2019 ana shirin sauka. Ba mu san da ita ba sai da takardar Abdul'aziz Yari ta fito shina neman a biya shi naira miliyan 10 na kowane wata. Majalisar jiha ta soke dokar a Nuwamban 2019. Na yaba sokewar. Amma ina tambaya, da tsohon gwamna da sabo jam'iyyarsu ɗaya a lokacin, da mun ji labarinta? Na ambaci waɗanga sunaye don abin ya faru a bainar jama'a, ba don ina ma wani aiki ba. Wanda ke bisa kujera yau ma da wanga mudu za a auna shi in zaɓe ya matso.

Na Abuja ya fi girma. A 2005, zamanin Obasanjo, ƙasashen waje masu bin Nijeriya bashi sunka yafe dala biliyan 18, Nijeriya ta biya wajen biliyan 12, a 2006 anka rufe littafin. Anka kuma buɗe wani asusu na rarar kuɗin mai don ranar wuya, ya kai wajen dala biliyan 20. Gwamnoni sunka matsa a raba, anka yi ta rabawa, kafin zaɓen 2011 ya koma ƙasa da biliyan 1. A Yulin 2022 abin da ya saura cikinsa bai kai dala dubu 400 ba. Tallafin fetur kuwa kowa ya san cin dukiya shike, amma ba mai taɓa shi gaban zaɓe. Anka shirya cire shi a 2022, sai anka ɗage da wata 18, ya faɗa bayan zaɓen 2023. Cikin shekarar 2022 kaɗai ya ci fiye da naira tiriliyan 4. Ran 29 ga Mayu 2023, Tinubu na karɓar rantsuwa ya ce ya tafi. Ƙuri'a ta riga ta shiga akwati.

Da me anka riƙe shi duk wanga lokaci? Gwamnati ta riƙa miƙa hannu ga Babban Banki shina ba ta, alhali dokar bankin a lokacin ta ce kada shi wuce biyar bisa ɗari na abin da ta samu bara. Sai da ya taru naira tiriliyan 22.7. Ga wanda bai saba ba, tiriliyan ɗaya biliyan dubu ce. A Mayun 2023, ana saura makonni su sauka, majalisar dattawa ta yarda a mai da shi bashin shekara 40 da ruwa tara bisa ɗari, watau wajen tiriliyan 2 kowace shekara riba kaɗai. Ofishin kula da bashi na ƙasa ya ƙirga naira tiriliyan 12 a Yunin 2015, ya ƙirga 87 a Yunin 2023. Wani sashe na wanga hauhawa faɗuwar naira ce, adalci ne a faɗi, amma faɗuwar nairar ma ɗiyar wanga hali ce.

Nan ne amsar malamin da ya ce ba ruwan talaka. Kuɗin da anka ƙirƙira ba tare da an noma ko an saƙa wani abu ba, awa ruwa ne da mai nono ta ƙara cikin ƙwarya: ƙwarya ta cika, nono bai ƙaru ba. Kowa da naira a aljihu an rage masa ba da saninsa ba. Ba ɗan doka da zai zo ƙofarka, ba a buga maka kuge. Za ka tafi kasuwa da abin da ka saba sayen tiya biyu ta masara, ka komo da ɗaya. A 2024 tsadar kaya ta haura talatin bisa ɗari a shekara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin Kitabul Farƙi ya zargi sarakunan zamaninsa da jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Waɗancan ko ba komi ana ganin mai karɓa, ana sanin nawa ya karɓa.

'Yan'uwanmu na zangon Kumasi sun sha irinta. Gana ta saba duk shekarar zaɓe gwamnati ta kashe fiye da abin da ta tsara. A Disamban 2022 ta ce ba ta iya biyan mafi yawan bashinta na waje, har tsofaffi masu fansho sunka yi zaman dirshan ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akkara don an taɓa ajiyarsu. Misra kuwa tun dauri, bashin Khidiwi Isma'ilu ya sa ya sayar ma Ingila da rabonsa na mashigin Suwais a 1875, a 1882 sojan Ingila na cikin Alƙahira.

In ka ce ashe mulkin soja ya fi, sai in ce a'a. Bashin da anka yafe a 2005, mafi yawan kumburinsa ƙarƙashin soja ya yi, lokacin da ba mai ikon tambaya. Zaɓe ya ba mu rana ɗaya cikin shekara huɗu da mai mulki ke tsoronmu. Mu munka sayar da ranar da taliya da sabulu da naira dubu biyu a bayan rumfar zaɓe. Mai saye ya gane farashinmu, ya ga ya fi araha bisa gina asibiti, ya sayi mai araha. Kuma talaka da 'yan bindiga sunka hana shi gonarsa, yunwa ta ci shi, ban iya tsananta masa bisa ƙullin taliya. Uzurinsa ya fi namu. Mu da munka karanta labarin Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakka da ya ware wani abu ya ce kyauta anka ba shi, Manzon Allah ya hau mimbari ya yi inkarinsa, muna karantar da shi da safe, da yamma mu hau layin karɓar ambulan. Wa ke ba malami mota don Allah ana saura wata shida zaɓe? Bakinsa anka saya, da kunnen mutanen da ke bayansa a sahu.

Abin da nike nema gare ku kaɗan ne, kuma cikin ikonmu shike. Majalisar dokokin Zamfara mutum 24 ne, biyu cikinsu na Bunguɗu, kuma ta hannunsu bashin jiha ke bi kafin a ci shi. In wakilinmu ya zo gaisuwar salla ko ta'aziyya, a tambaye shi gaban jama'a: bashi nawa ka ɗaga ma hannu, daga wa, da ruwa nawa, shekara nawa, ina aikin? Ofishin kula da bashi na fitar da abin da ake bin kowace jiha, almajiranmu masu waya su ciro shi, mu mai da shi ajami mu manna ƙofar zaure, yadda muke manna lokutan salla. A nemi a karanta kasafin shekara da Hausa a rediyon jiha, dalla-dalla, har da abin da za a zare na bashi. Mai neman kujera in ya yi alkawari a zaurenka, ka ce masa da wane kuɗi, ka rubuta amsarsa da kwanan wata da shaidu biyu, ka ajiye cikin gafaka. Malami kuwa in an kawo masa kaya mai hoto bisa buhu, shi mayar. Na san da wuya, ina da almajirai talatin da ɗoriya masu jiran tuwon dare, kuma na riga na gaya ma uwargida kada ta sa rai.

Malamin da na ambata, da duk wanda ke ganin na kuskure, ban rufe ƙofa ba. Shi zo da littafinsa, shi nuna mini babin da ya halatta ma wakili kyauta da dukiyar wanda ya wakilta shi, ko cin bashi da riba bisa wuyan wanda ba a haifa ba. In ya nuna, zan rubuta wata takarda in janye wagga, in sa a karanta ta inda anka karanta ta farko. Ana iske ni zaure kullum bayan la'asar, ban da ranar kasuwa.

Wanda ya karanta shi miƙa ma na kusa da shi, wanda ya iya rubutu shi kwafa. Wassalamu.